Yadda za ka gwada motar gudu kafin ka saya a Damagaram

Da farko ka ware motoci biyu ko uku, ka gwada su rana ɗaya a hanya ɗaya, don ka gane bambancinsu sosai. Ka tafi da makanikenka tun da safe, inji na sanyi. A tada kowace a gabanku, ku dubi hayaƙin salansa: in shuɗi ne, tana shan baƙin mai.

Sai ka hau kwaltar Mirya. Ka taka totur sannu a hankali, ka saurari shigar giya, ka gwada birki inda babu mutane ko dabbobi. In sitiyari na ja gefe ɗaya, akwai magana.

Inda nake so ka daɗe shi ne lungunan Birni da Zango. Irin waɗannan motoci kusa suke da ƙasa, rairayi da duwatsun garinmu kuwa ba sa raga musu. Da rana tsaka ka kunna na'urar sanyi, idonka kan allurar zafin inji.

Kafin ka ƙirga kuɗi, ka gwama lambar jikin motar da ta takardunta, ka ga shaidar duwan (kwastan), ka tambaya ko kayan gyaranta na samuwa a nan ko sai an aika Kano.