Kafin ku yanki tikitin neman haihuwa a ƙasar waje

Shekara 9 muka yi da maigidana a Ƙofar Ƙaura ba ko ɓari. Duk wadda ta sha gorin dangin miji ta san abin da ke sa mutum ya sayar da fili ya hau jirgi. Mun je Alƙahira, Allah Ya ba mu 'ya mace. Tun daga nan mata ke sallama gidana, "Hajiya, ya aka yi?" Ga abin da nake faɗa musu.

Ku fara gwaji a nan Katsina, ku biyu. Maigida ma a duba maniyyinsa, don sau da yawa matsalar tana wajensa, ita kuwa matar ake ta kira juya.

Sai tambayoyi uku da za ku yi wa likita tun ta waya: ƙwan wa, maniyyin wa, mahaifar wa? Nan nasaba take, nan gado yake, nan ake sanin muharrami. Fatawar Azhar ta 1980 ta halatta dashen ciki, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti a mayar cikin mahaifa, idan ƙwai da maniyyi na ma'auratan ne kuma igiyar aure na nan. Majalisar fiƙihu ta Makka ta yarda da aron mahaifar kishiya a 1984, ta janye a 1985. Amma Iran ta yi doka a 2003 mai ba da damar kyautar ɗan tayi, wato a dasa wa mace ɗan tayin wasu ma'auratan. Don haka kada ku ce ai ƙasar Musulmi ce, ku saki jiki. Ku zauna da malaminku kafin tafiya, ba bayan ciki ya shiga ba.

Masu tunanin hayar mahaifa, ni dai ban ba ku shawara ba, kuma ko a doka akwai ƙaya. Indiya da Tailan sun rufe wa baƙi ƙofa tun 2015. A Ingila wadda ta haihu ita ce uwa, sai kotu ta sauya. A 2020, lokacin korona, jariran hayar mahaifa sun maƙale a otal a Kiyef, babban birnin Yukren, iyaye sun kasa zuwa ɗauka. Ita ma matar da talauci ya sa ta ɗauki cikin wasu, ku tuna da ita.

Takardar amincewa kuwa, kada ku sa hannu sai an karanta muku layi-layi, da tafintanku, ba na dillali ba. Inda aka ambaci karɓar ƙwai ko maniyyin wani, a soke a gabanku. Ku karɓi kwafi. Nawa yana cikin akwati tare da takardar haihuwar yarinyar.