Yadda Za Ka Taimaka a Share Dusar Ƙanƙara a Minneapolis Ba Tare da an Ja Motarka Ba

Sabon zuwa Minnesota ta Amurka yakan ɗauka taimakon masu share hanya shi ne ya fito da shebur ya yi ta fama. Wannan na nan tafe, amma babban abin da hukumar birnin Minneapolis take so daga gare ka shi ne ka gusar da motarka. Mota ɗaya da aka bari a gefen titi takan sa direban motar share hanya ya zagaye ta, tudun da ya bari ya daskare, duk layin su yi ta cin karo da shi har bazara.

Ba zan ɓata lokaci kan rigar sanyi da safar hannu ba, sanyin da kansa zai koya maka.

Da farko yi rajistar lambar wayarka a shafin birnin, domin a riƙa turo maka saƙo duk sa'ad da aka ayyana dokar ta-ɓacin dusar ƙanƙara. Kyauta ne. Kada ka dogara da leƙen taga, don wani lokacin sama ta washe sannan a ayyana dokar.

Dokar kwana uku ce, kuma a nan baƙi suke faɗuwa. Daren farko, daga ƙarfe 9 na dare zuwa 8 na safe, ba a fakin a kowane gefe na manyan titunan da aka kafa wa jan allo. Rana ta biyu, daga 8 na safe zuwa 8 na dare, a sauran titunan unguwa ba a fakin a gefen da lambobin gidajensa suke ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8. Rana ta uku a bar ɗaya gefen, mai 1, 3, 5, 7 ko 9. Kuskuren da nake yawan gani: mutum ya gusar da mota daren farko ya ce shi ke nan, ya shige gida ya ja bargo. Da safe ya tarar da wurin wayam, sai biyan tara da kuɗin janyewa. Kuma lambar gidan da motar take gabansa ake dubawa, ba lambar gidanka ba. Ni ƙa'idata, a saita ƙararrawar waya ƙarfe 7 na safe duka ranakun biyu, babu jayayya. Idan an share gefen har bakin dakali, kana iya mayar da motar. Af, in ka tsallaka St. Paul, birnin da ke maƙwabtaka, kwana wurin 'yan uwa, tasu dokar daban ce, ka tambayi masu gida.

Sai hanyar ƙafa ta ƙofar gida. Mai gidan iyali ɗaya ko gida mai sashe biyu yana da awa 24 bayan ƙanƙarar ta tsaya. In ya yi sakaci, birni ya share ya aiko masa da takardar kuɗi. Ɗan haya ya duba yarjejeniyarsa ya ga a wuyan wa aikin yake. Share faɗin hanyar duka, don masu keken guragu ma su wuce.

Tura ƙanƙara cikin titi laifi ne. Tsaya a mashigar motarka ka fuskanci titi, ka tara ta a hannun dama. Motar share hanya daga hagu take zuwa, abin da ka tara a hagun ita za ta dawo maka da shi ƙofa.

Gishiri kuwa mutane zuba shi suke kamar masu shanyar hatsi. Kofin shayi ɗaya ya ishi mashigar mota, kuma in sanyi ya kai digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos gishirin ba ya narkar da ƙanƙara sosai, tafkunan birni kawai yake ɓatawa. Yashi ya fi, ga arha.

Sauran ba su da wuya. Buɗe kewayen famfon 'yan kwana-kwana kamar ƙafa uku, tone bakin magudanar ruwa, janye kwandon shara daga titi. In kana tuƙi ka ga motar share hanya, ba ta rata mai yawa, kada ka ce sai ka wuce ta. Layin da aka tsallake ba a share ba, a kira 311, lambar wayar hukumar birni.