Yadda Ake Haɗa Asusun Google da Makullin Tsaro

Lambar da ake turo maka ta saƙon tes in za ka shiga asusunka ba ta kai tsaron da ake zato ba. Ɗan damfara na iya sa a mayar da layinka kan wani sim, saƙon ya faɗa hannunsa. Ko ya turo maka shafin bogi mai kama da na Google sak, ka rubuta masa lambar da hannunka. Makullin tsaro, ɗan abin nan mai kamar filash, ba ya faɗawa wannan tarko, don yana duba adireshin shafi kafin ya amsa. In ba na Google na gaskiya ba ne, ba zai amsa ba, komai kyan shafin. A 2018 Google ya ce tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da shi a farkon 2017, ba a sami wanda aka ƙwace wa asusu ta irin wannan yaudara ba.

Kafin komai, sayi guda biyu. Wannan ne abin da mutane suka fi ƙin ji saboda kuɗi, amma makulli ɗaya tak haɗari ne: ranar da ya ɓata, kai ma an kulle ka a waje. Apple ma ba ya yarda ka fara sai da biyu. Duba na'urorinka ka ga irin bakin da suke da shi, USB-A ko USB-C, in kuma wayarka na da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta abu da zarar an manna shi a jikinta, nemi mai NFC. YubiKey na kamfanin Yubico da Titan na Google su ne suka fi shahara. Ko wanne za ka saya, ka tabbata an rubuta FIDO2, sunan tsarin da irin waɗannan makullai ke aiki da shi, a bayaninsa, kuma sabo ne a kwalinsa. Ba ya cin batir, ba a yi masa caji.

Zauna a gaban kwamfuta, ya fi sauƙi. Buɗe myaccount.google.com, shiga sashen tsaro, ka kunna 2-Step Verification, wato tantancewa ta biyu bayan kalmar sirri, in ba a kunne take ba. Daga nan nemi wurin da ake ƙara makullan tsaro, ka zaɓi ƙara sabo. Idan burauza ta ce a ajiye mabuɗin shigar a cikin kwamfutar, ka ƙi, ka zaɓi makullin da ke hannunka.

Sai ka soka shi. Za a iya neman ka saka masa lambar sirri ta PIN, to nan ka natsu. Lambar a cikin makullin take, Google bai san ta ba. Ka yi kuskure sau 8 a jere, ya kulle, sai an goge shi gaba ɗaya, duk asusun da ke kansa kuma sai an sake ɗaura su. Idan fitilarsa ta fara walƙiya, taɓa wurin da yatsa. Shi ke nan. Ba shi suna, misali "na aljihu".

Kada ka tashi sai ka yi wa na biyun haka nan take. Sannan ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa don shiga asusu in makulli ba ya kusa, ka rubuta a takarda, ka adana tare da makulli na biyu a gida, inda kake ajiye takardun fili da na makaranta.

Yanzu gwaji: fita daga asusun, ka sake shiga da kowannensu. A waya, in mai NFC ne, manna shi a bayanta ya tsaya ɗan lokaci, wani lokacin sai ka cire murfin wayar in mai kauri ne.

In duka biyun sun yi aiki, koma ka cire saƙon tes daga hanyoyin tantancewa. Barinsa tamkar sa wa ƙofa kwaɗo ne a bar taga a buɗe. Makullin nan ɗaya zai yi maka aiki a Facebook, X da Microsoft, sai dai kowane asusu sai ka shiga sashen tsaronsa ka ɗaura makullan biyu daban.