Sabbin akwatunan gefe a tsohuwar Electra Glide, da inda na kai batir

Murfin akwatin kaya na gefen dama na babur ɗina ne ya jawo duk wannan aiki. Ina dawowa daga Zariya, daf da Jaji, sai na ji ƙwal a baya. Na dubi madubi na hango shi yana birgima a kan kwalta, kafin in gama jan birki wata tirela ta bi ta kansa. Babur ɗin Harley-Davidson ne, Electra Glide ƙirar 1990 mai injin Evolution 1340cc, na hannu na saya. A irin waɗannan na da, murfin ba a haɗe yake da akwatin ba, ɗage shi ake yi ɗungurungum a ajiye gefe. Ranar da ka yi sakaci da maƙulli, iska ta samu nata.

Da na shiga neman murfi sai na ga na tsohon yayi ya yi wuya, amma akwatunan da kamfanin ya yi daga 1993 zuwa 2013 ga su nan birjik, na asali da na kwaikwayo, duk kusan siffa ɗaya, murfinsu a maƙale da jiki. Wani ɗan'uwa da ke Amurka ya aiko min guda biyu na hannu haɗe da ƙarafan da suke zama a kai. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Mako uku babur ya yi a rumfa.

Dalilin shi ne batir. Kafin 1993 batirin waɗannan babura a gefen dama yake zaune, a waje, kuma an yi wa tsohon akwatin dama lungu domin ya ba shi wuri. A 1993 kamfanin ya saukar da tankin baƙin mai zuwa ƙarƙashin giya, ya tura batir ƙarƙashin kujera, shi ya sa sabbin akwatunan suka fito cikakku ba lungu. Kai kuwa da ke da tsohon firam, da ka ɗaga sabon akwatin za ka ji gabansa ya daki batir. Saboda haka kada ka huda komai, kada ka sayi kebul, kada ka kira mai walda, sai ka yanke shawarar inda batir zai koma. Sauran aikin duk a kan wannan ya rataya.

Hanyoyi uku na auna. Akwai bin sawun kamfani, a sauya kaskon giya da na 1993 zuwa sama mai tankin mai a ƙasa, a share wa batir wuri a ƙarƙashin kujera. Ita ce mafi tsafta, amma aikin ya kai na sauke rabin babur, kuɗin kuma ya fi ƙarfin abin da ake nema. Akwai yanke sabon akwatin a ƙera masa lungu da fiba, wanda ni a ganina an gudu ne ba a tsira ba: ka ɓata sabo domin ya koma kamar tsoho. Akwai kuma masu jefa batir a babban akwatin baya. Wannan kam ban ba da shawara ba, domin kilo shida ko bakwai a can sama, a bayan tayar baya, za ka ji shi a kowace kwana. Ni cikin sabon akwatin dama na sa shi, a gaba can, a ƙasa, jingine da bangon ciki. Tazararsa da tsohon mazauninsa ba ta kai kamu biyu ba, kebul bai yi tsawo ba, nauyi kuma bai bar inda babur ya saba ɗaukarsa ba.

Batirin da ke zama cikin akwati dole ya kasance rufaffe, irin AGM, wanda ba a zuba masa ruwa. Na ruwa mai bututun numfashi zai cinye maka kaya da asid tun kafin ka isa Kafanchan. Na ɗauki girman YTX20L, tsawo milimita 175, kauri 87, tsayi 155. Ya ɗan fi na asali ƙanƙanta, amma yana tayar da injin ba gardama. Kafin in saya sai da na yanka kwalin indomi na haɗa shi daidai wannan awo, na manne da tef, har na zana inda kawunan batir suke. Wannan kwali ya cece ni: da shi na gano cewa idan na juya kawunan suka kalli waje, murfin zai taɓa su in an rufe. Ka yi naka kwalin, ka sa shi, ka rufe murfi, ka buɗe, ka sake juyawa.

Yanzu kwance tsohon kaya. Ka tsayar da babur a miƙe a kan jak, ba a kan ƙafarsa ta gefe ba, in ba haka ba duk awon da za ka yi karkatacce ne. Cire baƙar wayar batir tukuna, sannan ja. Ranar mayarwa ja ce farko, baƙa ta ƙarshe. Notunan babur ɗin nan na inci ne, saboda haka ka tanadi sifana 7/16 da 1/2 da 9/16. Sifana 13 tana shiga kan noti 1/2 da ɗan sako-sako, kuma da haka ake murje kai. Ɗauki hoton wayoyin da wayar salula kafin ka taɓa su. Ka kuma tuna cewa salansa biyun a jikin ƙarafan akwati suke rataye, sai ka tokare su da katako kafin ka kwance, kada nauyinsu ya sauka a kan bututun da ke fitowa daga inji.

Ƙarafan sabbin akwatunan ba za su hau ramukan tsohon firam ba. Na shekarun 1993 zuwa 1996 su suka fi kusa, amma ko su sai an yi musu 'yan kunnuwa. Nan ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma nan ne ya kamata ka yi haƙuri. Na ɗaure ƙarafan da wayar ƙarfe da matsi, na ɗora akwatunan a kai, na ja baya na tsuguna ina kallo. Abin da kake nema shi ne saman akwatunan biyu su zo daidai da juna, tazararsu da murfin taya ta zama ɗaya hagu da dama, ƙasansu kuma ya bar wa salansa aƙalla faɗin yatsu biyu. Buɗe murfin har ƙarshe ka ga ko yana gogar kujera ko akwatin baya. Sannan ka sauke babur daga jak, ka sace iskar shokazoba ta baya duka, ka sa mutum biyu masu jiki su zauna. Kai kuma ka leƙa ta ƙasa: bel a hagu, faifan birki a dama, kada wani abu ya kusanci ƙarfe ko akwati. Abin da bai taɓa ba a rumfa yana iya taɓawa a ramin farko na hanyar Birnin Gwari.

Kunnuwan ma da kwali na fara yin su, na kai Panteka aka yanka min a ƙarfe mai kaurin milimita 5. Mai waldar dattijo ne, ya dubi kwalayen ya dube ni ya ce, “Alhaji, mu ɗana kawai tukuna, ka je ka gwada. In ta zauna ka dawo mu cika.” Sau biyu na koma kafin ta zauna, kuma da ya cika tun farko da sai an sare. A jikin ƙarafan aka yi waldar, a ƙasa, nesa da babur. Idan ta kama dole a yi a jikin firam, ka cire batir, ka zare filogin regileta, wato na'urar daidaita caji, da na akwatin wutar inji, ka sauke tankin fetur.

Akwatin kansa abu biyu ke riƙe shi: ƙusoshi biyu na ciki da ake murɗawa kwata, da robobin da gindinsa ke zama a kansu. Nauyi a kan robobin yake sauka, ƙusoshin hana shi faɗuwa kawai suke yi. In ka ga sai ka ɗaga akwatin kafin ƙusa ta shiga, to a rataye yake, kuma zai tsage a wurin ramin, balle na dama da zai ɗauki batir. Ƙara wosha ko roba har ya zauna da gindinsa.

A ƙasan akwatin, ta ciki, na shimfiɗa farantin alminiyam mai milimita 3 wanda ya fi batir faɗi, domin nauyin ya bazu. A kansa tabarmar roba, sai ƙaramin tire mai baki, sai ɗamara ta ƙarfe da ta danne batir ta sama da noti biyu. Igiyar roba ba ta isa ba. Batirin da ke tsalle yakan karya kansa ta ciki, kuma AGM ba ya gyaruwa. Na rufe shi da murfin roba mai tauri, saboda a da cikin akwatin dama na saba jefa sifana da makullai, kuma sifana ɗaya da ta kwanta a kan kawuna biyu ta isa ta tayar da gobara. Na huda ƙaramin rami a bango ta sama don iska, tunda ko rufaffen batir yakan fitar da ɗan gas in caji ya yi yawa. Wajen huda, manna tef a wurin, fara da ƙaramin baki, kada ka danna.

Kebul shi ne wurin da ba a yin rowa. Sitata tana jan sama da amfiya 100, kuma jar wayar da ke tafiya daga batir zuwa gare ta ba fiyus a kanta. In ta goge ta taɓa firam, babu abin da zai katse wutar sai narkewa. Na sa kebul na tagulla zalla mai lamba 4 a awon Amurka, kusan milimita 21 murabba'i, irin mai laushi na injin walda. Ka kankare bakinsa ka gani a kasuwa, domin akwai alminiyam da aka shafa wa jan launi. Duk inda ya ratsa bango na sa zoben roba, na zura shi cikin tiyo, na ɗaure a jikin firam kowane ɗan taƙi, nesa da salansa da duk abin da ke motsi. Mai wayarin ya matse min kawunan kebul ɗin da injin matsi, ba da guduma ba. Baƙar wayar ta koma inda take tun asali, bayan na kankare fenti har ƙarfe ya yi fari. Babban makatsin wuta na babur shi ma na matso da shi kusa, don wayar da ke ciyar da shi ta zama gajeriya.

Saura matsala ɗaya: akwatin da ke da batir a ciki ba ya ciruwa, alhali sai an cire shi ake taɓa birkin baya ko a sauke taya. Na sa filogin Anderson a tsakani, SB120, irin wanda ake gani a batiran inbata da motocin ɗaga kaya. Ƙaramin SB50 ba ya karɓar kebul mai wannan kauri. Filogin yana ɓoye a bayan murfin gefe, in zan cire akwati sai in zare shi kawai. Ya kuma zame min makullin ɓarawo, wanda ban yi niyya ba.

Kafin ka tayar, sa mita. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 zuwa 12.8. Lokacin da sitata ke juyawa kada ya sauka ƙasa da 9.6. In inji ya tashi ka ɗan ba shi wuta, ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Gwajin da mutane ke tsallakewa shi ne na asarar wuta: ɗaya daga bakunan mita a jan kan batir, ɗayan a notin sitata, wani ya danna maɓalli. In ya haura rabin volt, akwai kan da bai matsu ba ko filogin bai shiga sosai ba. Nawa 0.7 ya nuna da farko, ashe harshe ɗaya na filogin bai kama maƙalinsa ba. Da na tura shi ya yi ƙas, sai ya sauko 0.3.

Gurbin da tsohon batir ya bari na rufe da falle na ƙarfe da aka lanƙwasa aka fesa masa baƙin fenti. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka zagayen unguwa na fara yi, na dawo na taɓa kebul da filogi in ji ko sun yi ɗumi, na shafa gindin akwatunan ta wajen salansa. Bayan kilomita 50 na sake bin notuna duka, biyu sun saki, na sa musu shuɗin gam na noti. A akwatin hagu nake zuba kayan gyara da gorar ruwa yanzu don su yi wa batir kishiya, na dama kuma rigar ruwa da safar hannu kawai ke shiga bayan batirin.