Yadda mai juna biyu za ta tara jini ta kuma tsare kanta kafin ranar naƙuda

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jinin da mace za ta dogara da shi ranar haihuwa ana tara shi ne a hankali cikin watanni tara, daga tukunyar gida da kuma ɗakin awo. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, kuma macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini tana iya galabaita saboda zubar da wata mai isasshen jini za ta jure ba tare da wata matsala ba. Bayan ƙarancin jini akwai hawan jini da zazzaɓin cizon sauro, waɗanda su ma sukan daɗe suna ɓarna a jiki kafin mace ta ji wani abu.

Matakin farko shi ne fara awo da wuri. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, kuma zuwan farko ya kasance cikin makonni 12 na farko. A garinmu Kaduna abin da ya fi hana wannan shi ne kunya, musamman a cikin fari, inda yarinya kan ɓoye cikin har sai ya fito ya kai wata shida. Kunya ado ce, amma ungozoma ba surukarki ba ce, kuma babu laifi ki je awo ba tare da dangi sun sani ba. Cibiyar lafiya ta matakin farko da ke mazaɓarku ta isa a fara, sannan idan an ga matsala a tura ki babban asibiti irin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko Gwamna Awan da ke Kakuri, ko asibitin koyarwa na Barau Dikko. A zuwan farko ki tabbata an auna hawan jini, an gwada fitsari, an duba yawan jini da rukuninsa, an kuma yi gwajin sikila da cutar ƙanjamau da ciwon hanta. Ki tambayi sakamakon yawan jininki ki riƙe lambar a ka. Idan sinadarin hemogulobin ya yi ƙasa da giram 11 a kowace desilita akwai ƙarancin jini, idan kuwa ya yi ƙasa da 7 abin ya tsananta, yana buƙatar kulawar likita nan take.

A wajen awo za a ba ki maganin ƙarin jini, wato ƙwayar sinadarin ƙarfe mai miligiram 30 zuwa 60, tare da folik asid mai mikrogiram 400, a sha kullum har a haihu. Mata da yawa suna karɓa su ajiye a ƙarƙashin katifa. Wasu suna barinsa saboda yana tayar musu da zuciya ko yana sa bayan gida ya yi tauri ya yi baƙi, wasu kuma saboda an gaya musu yana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara. Wannan magana ta biyu ba ta da tushe, domin abin da maganin yake yi shi ne taimakon jiki wajen ƙera jini, a daidai lokacin da yawan jinin da ke zagayawa a jikin mace yake ƙaruwa da kusan rabi domin ciyar da abin da ke cikinta. Baƙin bayan gida kuwa ba cuta ba ne, ragowar sinadarin ne yake fita. Idan yana tayar miki da zuciya ki mayar da shansa zuwa dare bayan kin ɗan ci abinci, ki yawaita ruwa da ganye domin taurin bayan gida, kuma kada ki kora shi da shayi. Ganyen shayi yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen a hanji ya hana jiki tsotsarsa, don haka a bar tazarar awa biyu tsakaninsu. Lemu da gwaiba da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna yin akasin haka, saboda bitamin C da ke cikinsu yana ƙara tsotsar ƙarfe.

Folik asid yana da nasa lokacin. Jijiyar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne cikin kwanaki 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba. Saboda haka wadda take neman haihuwa ya fi mata ta fara shan sa tun kafin cikin ya shiga, domin rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya.

Sai batun kwano, wanda shi ne na kullum. Abincinmu ya fi karkata ga tuwo da shinkafa da taliya, malmala babba da miya 'yar kaɗan, kuma irin wannan cin yana ƙosarwa amma ba ya gina jini. Gyaran ba ya buƙatar wani abincin kanti mai tsada, domin duk abin da ake nema yana nan a Kasuwar Bacci da ta Kawo da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, har ma da teburin mai kayan miya na bakin layi. A kowace rana ki nemi abu ɗaya mai gina jiki a cikin aƙalla cin abinci biyu: wake, ko awara, ko ƙosai da alala, ko gyaɗa, ko ƙwai dafaffe, ko kifi, ko nama gwargwadon hali. Ƙarfen da ke cikin nama da kifi ya fi saurin shiga jiki fiye da na tsirrai, kuma ko ɗan busasshen kifi aka daka aka zuba a miyar ganye yana taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen ganyen. Miya ta yi yawa ta yi kauri, ta zogale ko alayyafo ko rama ko kuka, a sa daddawa, kuma a daina dafa ganye har ya yi laushi ya canza launi sannan a zubar da ruwansa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir, wanda wasu ke ɗauka abincin marmari ne kawai, ya haɗa ganye da mai gina jiki da bitamin C a kwano guda, kuma a ganina babu abincin rana mai araha da ya kai shi amfani ga mai ciki. Faten wake, da dambun zogale, da faten acca da ganye irin na kudancin Kaduna duk suna cikin wannan sahu. Kabewa da karas da mangwaro da nunanniyar gwanda da manja suna ba da bitamin A ta hanyar da ba ta cutarwa. Hanta kuwa, duk da tana da ƙarfe sosai, bitamin A ɗin da ke cikinta ya yi yawa ƙwarai, don haka kada a mayar da ita abincin kullum, musamman a watanni ukun farko. Gishirin miya ya zama mai aidin, wanda ake sayarwa a ƙulle cikin leda daga kamfani, saboda ƙwaƙwalwar jariri tana buƙatarsa.

Ba a buƙatar ninka abinci. A watanni ukun farko jiki ba ya neman ƙari, daga nan kuma abin da yake nema bai wuce ƙaramin kwano ɗaya a kan na yau da kullum ba, kamar kofin kunun gyaɗa da ƙosai. Macen da jikinta yake matsakaici kafin ciki ana sa ran ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta haihu. Rage cin abinci da gangan domin jariri ya zo ƙarami haɗari ne gare su duka biyu.

Laulayi yakan dagula wannan tsari a farkon ciki. Dabarar ita ce a ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kada a bar ciki ya zama wayam, a ɗan tauna busasshen abu kafin a tashi daga shimfiɗa, a rage soye-soye da yaji. Citta, wadda jiharmu ta yi suna wajen nomanta a yankin Kachia da Jaba, tana rage tashin zuciya idan an jiƙa 'yar kaɗan a ruwan zafi. Amma idan amai ya kai ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu, jiri yana ɗibar mace, wannan ya wuce laulayin da ake jurewa a gida.

Akwai abubuwan da ya wajaba a nisanta. Kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara ko gawayi sau da yawa alama ce ta ƙarancin ƙarfe a jiki, don haka a gaya wa ungozoma maimakon a ɓoye, domin farar ƙasa tana iya ɗauke da dalma da ƙwayayen tsutsa, tana kuma ƙara hana jiki tsotsar ƙarfe. Nono da kindirmo abinci ne masu kyau saboda kalsiyam, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, tunda ɗanyar madara tana iya ɗauko cututtukan da ke jawo ɓari. Tsire da balangu su gasu har ciki, ƙwai ya dahu sosai, kayan lambun da ake ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsabta. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar da ita, saboda gubar da ke cikinta ba ta mutuwa da dafuwa. Goro da kofi da lemunan ƙara kuzari a rage su sosai, taba da shisha kuwa a bar su gaba ɗaya. Maganin kemis ma haka, kada a sha wani abu ba tare da an gaya wa mai bayarwa cewa akwai ciki ba. Magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da dikulofenak suna iya cutar da ƙodar jariri da zuciyarsa a ƙarshen ciki, kuma farasitamol ne aka fi amincewa da shi. Jiƙe-jiƙen da ake ba mai ciki da sunan maganin zaƙi babu wanda ya auna ƙarfinsu, kuma doguwar naƙuda tana zuwa ne daga matsaloli irin kwanciyar jariri ba daidai ba ko ƙanƙantar ƙugu, waɗanda jiƙo ba ya gyarawa. Rage sukari da lemun kwalba dai daidai ne, saboda ciwon sukarin da ke zuwa da ciki, wanda ake gwadawa tsakanin mako na 24 da na 28.

Kanwa tana buƙatar magana ta musamman a wannan yanki. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi rubutu a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa cike take da sinadarin gishiri mai sa jiki riƙe ruwa, wanda ke ɗora wa zuciya nauyi. 'Yar kaɗan da ake jefawa a wake ba ita ce damuwar ba, amma kunun kanwa kwano-kwano, a lokacin ciki ko jego, ya kamata iyayenmu mata su sassauta shi, musamman ga wadda aka taɓa samu da hawan jini ko kumburi.

Hawan jinin ciki shi ne ya fi ba ni tsoro, domin mace tana iya yawo da shi tana aikinta lafiya lau. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka bayan mako na 20, musamman in an ga furotin a fitsari, to ana kan hanyar jijjiga, wadda kan kashe uwa da ɗa cikin sa'o'i. Masu cikin fari, da masu tagwaye, da ƙananan yara mata, da waɗanda suka haura shekara 35 sun fi shiga haɗarin. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a saman ciki ta ɓangaren dama, duk alamu ne da ba a kwana da su a gida. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da mace ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki, a yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti. Inda abinci ba ya da isasshen kalsiyam likita yana iya rubuta ƙwayarsa domin rage wannan haɗari, kuma idan an rubuta a raba lokacin shanta da na maganin ƙarin jini.

Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, yana kuma taruwa a mabiyiya ya rage abincin da ke isa ga jariri, ko da mace ba ta jin zafin jiki. Da damina ta kankama a Kaduna sauro yakan yi yawa, musamman a unguwannin da ke kusa da kogi, don haka gidan sauro mai magani ya zama na kowane dare. Daga mako na 13 ana ba da Fansidar, maganin rigakafin wannan zazzaɓi, a wajen awo, a sha a gaban ma'aikaciya, da tazarar aƙalla wata guda, kuma a samu aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Allurar rigakafin tetanus ma a nan ake yin ta.

Game da azumin Ramadan, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan tana tsoron cutuwar kanta ko abin da ke cikinta, ta sha ta rama daga baya. Wadda ke da ƙarancin jini, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ta nemi shawarar likita kafin watan ya kama.

Ragowar aikin na maigida ne, kuma tun wata na bakwai ya kamata a gama shi. Ya ware kuɗin cefanen ganye da wake da ƙwai kamar yadda yake ware na ragon suna, ya ajiye kuɗin gaggawa, ya riƙe lambar mai mota ko mai keke Napep da zai amsa kira da tsakar dare, ya kuma samo mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini. Sannan ya ba matarsa izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da sauran mutanen gida, cewa idan ta ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko numfashi ya yi mata wuya, ko motsin jariri ya ragu, ta kama hanyar asibiti da katin awonta ko yana gari ko ba ya nan.