Yadda za ka haɗa wa yaran ƙungiyarku wasan langa ba tare da an tashi da rigima ba

Masu kula da yara a Islamiyya ko sikawut ko 'yan agaji, idan an gama karatu ko fareti yaran nan suna ta tsalle-tsalle an rasa yadda za a yi da su, to a haɗa musu langa kawai. Ba ta buƙatar ƙwallo balle raga, fili ne da usur shikenan. Kuma kar a raina ta, langa tana cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a Najeriya tare da dambe da kokawa.

Fara da fili. Nemi wuri mai yashi ko ƙasa mai laushi, ka sa yaran su jeru su tsince kwalba da ƙusa da ƙaya kafin a fara, don yawancinsu za su tuɓe silifas ne. Tsawon taku 20 zuwa 25 ya isa, ka ja layi da toka a kowane gefe, can ƙarshe ka sa alamar gida. A lungunan cikin Birnin Zariya irin su Kwarbai ko wajen Babban Dodo fili yana wuya, ga kuma 'yan acaɓa, gara ka nemi izini a filin firamaren unguwa, 'yan Samaru da Tudun Jukun su kam da ɗan sauƙi. Ka sanar da mai unguwa da iyaye tukuna.

Rabon yara, nan ne ake ɓata wasan tun ba a fara ba. Don Allah kar ka ce kyaftin biyu su zaɓa, wallahi kullum yaro ɗaya ne zai rage a tsaye ba wanda ya kira shi, gobe kuma ba zai dawo ba. Jera su daga dogo zuwa gajere su ƙirga ɗaya biyu ɗaya biyu, masu ɗaya gefe guda masu biyu gefe guda. Mutum shida zuwa takwas a kowane ɓangare, in sun fi haka a yi ƙungiya uku ana karɓa-karɓa. 'Yan ƙasa da shekara 8 a ware musu nasu, 'yan mata ma nasu daban da malamarsu ko antinsu. Ɓangare ɗaya su ɗaura ƙyalle a hannu saboda in gudu ya yi gudu kai kanka ba za ka gane na wa da na wa ba.

Yadda ake yi kuwa, kowa ya naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu yana tsalle da ɗayar. Ɓangaren da ke da wasa su fitar da mutum ɗaya, shi ne ruwa, aikinsa ya ratsa ya kai gida, 'yan uwansa suna tare masa hanya, abokan karawa kuma suna bin sa su kashe shi. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya mutu ya fita gefe. Ruwa ya kai gida sun sha, wato sun ci, an kayar da shi ruwa ya koma ɗaya ɓangaren. Ga ƙanana ni na fi son a cire ture gaba ɗaya a mayar da shi taɓawa, in ka taɓa gadon bayan mutum to ya mutu, manya kuma ture da kafaɗa kawai, ba jan riga ba taɗiya ba kai hannu fuska.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne zaman gefe. Yaron da aka kashe a sakan goma na farko in ya daɗe yana kallo, shi ne zai fara jifa ko tsokana, to kar zagaye ya wuce minti uku, ka busa usur kowa ya dawo da ransa. Kuma ruwa ya riƙa zagayawa, kar kullum a ba wa mai ƙarfin nan, ranar da aka ba wa ɗan ƙaramin cikinsu manya suka kewaye shi har ya kai gida za ka ji ihu. A riƙa canja ƙafa duk zagaye.

Alƙali ɗaya ne, kai. “Malam ai na taɓa shi”, “Malam ƙarya yake”, wannan ba ya ƙarewa, ka faɗa musu tun farko abin da ba ka gani ba bai faru ba, in ka samu wani babban yaro ya tsaya maka a bakin gida ya fi.

Bayan la'asar ne lokacinta, a tashi da sauran rana kafin kiran magariba. Watan Maris da Afrilu zafin Zariya ba wasa ba, ka tanadi fiya wata a huta a inuwa duk bayan zagaye uku. Da hunturu ƙasa ta yi tauri ga ƙura, ka ɗan yayyafa ruwa, mai asma kuma ka ba shi aikin rubuta maki in ƙurar ta yi yawa. Ka riƙe auduga da aidin da filasta a jaka, wanda ya yi targaɗe ya zauna ko da ya rantse ya warke, in ƙafar ta kumbura ya kasa takawa a kira iyayensa a kai shi asibiti.