Kurakuran da muke yi idan ana hanzarta mu a gidan abinci

Watan jiya kawuna ya zo Yamai daga Tawa ganin likita. Da aka sallame shi lafiya, na ce sai na kai shi cin kifi a bakin kogi kafin ya koma. Daren Asabar ne, wurin cike. Kawu mutum ne mai cin abinci a natse, loma ɗaya labari ɗaya, yana zare ƙaya da yatsu yana jerawa a gefen faranti. Bai kai rabin giwan ruwan ba ya jingina da kujera don ya kurɓi zoɓo, sai ga hannun yaron da ke mana hidima ya ɗauke farantin. Kawu ya bi kifinsa da ido, ya goge baki, ya ce alhamdulillahi. Ba a jima ba takardar kuɗi ta sauka a gabana, ba wanda ya neme ta. Na biya, muka tashi, sai a cikin taksi na fara faɗa. Har yau abin yana min ciwo, kuma da na zauna na duba, rabin laifin nawa ne.

Shirun da na yi shi ne kuskuren da ya fi yawa a cikinmu. Kunya ce ke kama mu, kada a ce mun cika son abinci ko ba mu saba shiga irin wuraren nan ba. Alhali kalma shida ta isa a lokacin da hannun ya miƙo: "Ƙanena, bar shi, bai gama ba." Da murya ƙasa, ba tare da haɗe rai ba. Ban taɓa ganin ma'aikacin da aka faɗa wa haka ya ƙi mayar da faranti ba. Amma in ka bari ya kai kicin, magana ta ƙare, sai dai ka tafi gida da yunwa da haushi.

Wanda ya fi wannan ma shi ne a yi maganar tun a bakin ƙofa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muna shiga mu faɗa kan teburin farko da muka gani, galibi na kusa da ƙofa ko na kusa da mai gashi, kuma su ne teburan da kowa ke hange yana jiran a tashi. Ka gaisa tukuna. In Bazabarme ne ka ce masa fofo, in ɗan Benin ko Togo ne ka gaishe shi da Faransancin da kake da shi, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka: "Na zo da babana, za mu ɗan daɗe, ina ya fi dacewa mu zauna?" Shi ya san teburin da ba a matsa wa, ya san wanda aka riƙe wa wasu ƙarfe tara. Ka ba shi damar ya taimake ka.

Daga shiru kuma sai wasunmu su tsallaka zuwa tsawa. Nan ne raina ya fi ɓaci, don an bar jaki ana dukan taiki. Yaron nan ba shi ya ƙirƙiro saurin ba. Mai gidan abincin yana biyan haya, yana biyan wuta, yana sayen mai na janareto, kuma ya san teburin da ya ci rukuni biyu a dare ɗaya ya fi wanda ya ci rukuni guda. Yana tsaye can wajen akwatin kuɗi, ido ɗaya zai yi wa yaro ya gane ana nufin a kwashe tebur na huɗu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, wato sefa 42,000, kuɗin da wasu ke kashewa a zama ɗaya su da abokansu. Wanda ke tsaye tun la'asar a kan irin wannan albashi, ka tara masa jama'a kana kiransa marar tarbiyya, me ka gyara? In matsin ya yi yawa, ka tashi da kanka ka je wurin mai wurin, ka faɗa masa kai tsaye cewa an ɗauke abincin baƙonka bai gama ba. Shi ke da ikon cewa a ƙyale ku. Haka kiran ma'aikaci da tsaki ko tafi ko "kai yaro" ba ya jawo komai sai ya ƙosa ku tafi. Ka tambayi sunansa tun farko, ka riƙa kiransa da shi.

Batun takardar kuɗin da ke zuwa ba a nema ba yana da asali. A Amurka al'ada ce, saboda ma'aikacin can da tukuici yake rayuwa: dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dalar Amurka 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, masu cin abinci kuma kan ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin. Yawan teburan da ya sallama, yawan abin da zai kai gida. A Faransa kuwa kuɗin hidima na cikin farashi, kuma ba a saba kawo lissafi ba sai ka nema. Gidajen abincin Yamai tsarin Faransa suka gada, don haka in takarda ta zo maka da wuri, akwai dalili: ko mutane na jira, ko yaron zai sauka aiki yana son ya rufe lissafinsa, ko za a rufe akwati. Kuskure ne ka ɗauka kora ce ka miƙe. Tambaya za ka yi. In sauka zai yi, ka biya shi ka ci gaba da zamanka.

Wani lokacin mu ne ke ba da alamar mun gama ba mu sani ba. Wanda ya koyi aiki a otal an koya masa cewa cokali mai yatsu da wuƙa in an haɗa su wuri ɗaya a kan faranti, mai ci ya ƙoshi. Tura faranti gaba ma haka, jefa takardar goge hannu a kan abinci ma haka. A wuraren da ake ci da hannu kuwa, da ka nemi buta da sabulu an ɗauka ka kammala. Kawu jingina kawai ya yi, amma ni na riga na wanke hannu, na haɗa kayan cina, kuma na tabbata abin da yaron ya gani ke nan. In kana tare da dattijo ko mai cin abinci a hankali, ka rage saurinka, ka bar ɗan abu a farantinka har ya gama.

Lokacin zuwa ma da nasa. Wanda ya je unguwar Filato da azahar, sa'ad da ma'aikatan ofis suka fito kowa na duba agogo, bai kamata ya sa ran doguwar hira ba. Haka lokacin shan ruwa a watan azumi. In zama kake so, ka je bayan la'asar ko daren tsakiyar mako. Kada kuma ka yi odar komai a tashi ɗaya, su salad da tsire da zabo su taru su huce a gabanka. Abin gashi ka faɗe shi da wuri don yana ɗaukar lokaci, amma ka ce a kawo shi bayan kun gama na farko.

Inda sauri ya fi cutarwa shi ne wajen biya. Mutum na tsaye a kanka, wasu na jiran kujerarka, sai ka zaro kuɗi ba ka karanta takardar ba. Mu kuma lissafi biyu gare mu a baki ɗaya. Da Hausa da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, dala ɗari sefa 500, jika ɗaya sefa 1,000. In aka ce maka "ɗari biyar" da Hausar kasuwa, sefa 2,500 ke nan, amma wanda ya fassaro daga Faransanci a kansa 500 yake nufi. Baƙon da ya zo daga Najeriya nan yake ruɗewa, mu ma in an matsa mana muna ruɗewa. Ka ce a rubuta maka da lamba. Ka bi layi-layi, ka ƙirga kwalaben da ke kan tebur kafin a kwashe su, ka duba ko harajin TVA, wanda gwamnati ke ɗorawa a kan abin da aka saya, yana cikin farashi ko a ƙasa aka ƙara shi. In takardar jika goma ce a aljihunka, ka faɗa tun kafin a kawo lissafi don a nemo canji, kada ka bar ragowar kuɗinka saboda an ce babu kuma ka gaji da tsayuwa. Tukuici abu ne da kake bayarwa da son ranka, bai kamata rashin canji ya karɓe shi a madadinka ba.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai masu sayen lemo kwalba ɗaya su riƙe teburin mutum huɗu awa uku, waya na caji, ga iyali da yara a tsaye. Gidan abinci ba fada ba ne, inda za a ɗora shayi a yi ta hira har dare ya raba. In kun gama kuma hirar ta yi daɗi, ku ƙara wani abu, ko ku nemi a mayar da ku gefe, ko ku tashi.

Kafin Kawu ya koma Tawa na sake kai shi wurin, ranar Talata bayan magariba. Na nemi yaron nan da kansa, na gaishe shi, na ce masa tsohon nan a hankali yake ci. Ya ce, "Yaya, ai da ka faɗa min rannan." Ya kai mu teburin ƙarshe ta wajen ruwa, inda ake hango fitilun gadar Kennedy. Kawu ya ci kifinsa har kai, ya nemi tsinken sakace, ya ba ni labarin rijiyar da suka haƙa a garinmu shekarar da aka haife ni. Sai da ya ce mu tafi na ɗaga hannu aka kawo takarda.